Wa Ya Fi Cancanta Da Bakin Ƙofa?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya halicci bayinSa, Ya bambanta su wajen ƙarfi da rauni domin Ya jarraba sashensu da sashe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka.

'Yan'uwa masu karatu, maganar da muka ɗauko a wannan mako ƙarama ce a ido, domin ba ta wuce 'yar ƙasa mai tsawon taku shida ko bakwai ba, watau wurin tsayawar mota guda a bakin ƙofar asibiti, ko banki, ko ofis, ko masallacin Jumma'a. Tambayar da ake yi ita ce, shin daidai ne hukuma ko mai wuri ya keɓe irin wannan guri, ya shafa masa fenti, ya ce ba mai tsayawa nan sai gurgu ko makaho, ko mace mai ciki ko mai goyo, alhali kuwa wani lafiyayye ya riga su isowa? Mun ji attajirai suna cewa wannan al'adar Turawa ce, mun kuma ji ma'aikata suna cewa son kai ne a fifita wani a kan wani a filin da yake na kowa. Amsarmu ita ce keɓewar ta halatta, a wasu wuraren ma ta wajaba, amma tana da sharuɗɗa, kuma waɗanda ake keɓe wa ɗin ba darajarsu ɗaya ba wajen cancanta.

Bari mu fara da abin da doka ta ce, domin da yawa daga cikin masu gardamar ba su san an riga an rubuta ba. A watan Janairu na shekarar 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. A cikinta an ce lalle kowane filin ajiye motoci na jama'a a keɓe wa naƙasassu gurabe, a yi musu alama. Mai kula da filin da ya ƙi keɓewa za a ci shi tarar naira 1,000 a kowace rana, lafiyayyen da ya ajiye motarsa a gurin kuwa tararsa naira 5,000, sai fa in yana ɗauke da naƙasasshe a cikin motar. Dokar ta kuma ce a fara sallamar naƙasasshe in ana layi, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Jiharmu ta Jigawa ma ba a bar ta a baya ba, domin tun 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara biyan wani adadi na naƙasassu naira 7,000 kowane wata, sa'an nan a 2017, zamanin Muhammad Badaru Abubakar, jihar ta sami dokarta ta kare haƙƙinsu. Saboda haka a takarda magana ta ƙare. Abin da ya saura shi ne zuciya, domin dokar da zuciya ba ta gamsu da ita ba, fentinta kawai ake gani.

To, ba za mu raina hujjar masu ja ba, don tana da tushe. Shari'a ta yarda cewa abin da yake na jama'a duka, kamar gefen hanya da filin kasuwa da sahun masallaci, wanda ya riga zuwa shi ya fi cancanta da shi. An ruwaito cewa an nemi a gina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wata rumfa tasa a Mina, ya ƙi, ya nuna cewa Mina masauki ne na wanda ya riga. Ya kuma hana a tayar da mutum daga inda yake zaune don wani ya zauna. Da wannan ne malamai suka ƙi jinin mutum ya aika da dardumarsa sahun farko tun da hantsi, shi kuwa yana gida bai ko yi alwala ba. Mai ja yana cewa, in haka ne, me ya raba fentin nan da dardumar nan?

Abin da ya raba su shi ne wanda ya keɓe, da wanda aka keɓe wa. Mai darduma ya keɓe wa kansa abin jama'a da ƙarfin kansa. Amma akwai wani babi a fiƙihu, babin keɓe makiyaya, wanda Larabawa ke kira hima. A jahiliyya babban mutum yakan killace makiyaya ya hana kowa sai dabbobinsa. Musulunci ya rushe wannan, ya bar keɓewa iri ɗaya tak, wadda shugaba zai yi don amfanin al'umma. Annabi ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa da Umar ya ɗora baransa Hunayyu a kan makiyayar, sai ya umurce shi ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare dabbobin Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Dalilin da ya bayar shi ne, waɗannan biyun ko dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa suka halaka sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo yana kuka a ƙofar shugaba. Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Mutum biyu ne daga cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, kuma manyan attajiran Madina, amma aka ce su dakata a waje, don kawai suna da makoma, wancan kuwa ba shi da ita.

Mu mutanen ƙasar Dutse ba baƙi ba ne ga wannan hukunci. Wane manomi ne a Aujara ko Harbo zai shuka gero a kan burtali, sa'an nan ya ce ai shi ya riga Bafulatani zuwa? Kowa ya sani an keɓe burtali ne domin shanu ba su da wata hanyar zuwa mashaya, ko da kuwa zai yini ba saniyar da ta bi ta kai. Gurin gurgu a bakin ƙofa burtali ne.

Ba a kan ƙasa kaɗai Shari'a ta gabatar da mai rauni ba, har a cikin ibada. A Hajjin ban kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Uwar Muminai Saudatu 'yar Zam'a, wadda mace ce mai jiki, mai nauyin tafiya, ta nemi izini ta bar Muzdalifa da dare tun cunkoson jama'a bai taso ba, aka ba ta. Abdullahi ɗan Abbas ya ce yana cikin waɗanda aka gabatar tare da raunanan iyalin gidan Annabi a wannan dare. Ummu Salama da ta yi kukan rashin lafiya, aka umurce ta ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan mutane. Alhazanmu da suka yi sa'ayi sun ga hanyar da aka ware wa masu keke tsakanin Safa da Marwa, ba mu kuwa taɓa jin wanda ya dawo yana cewa an zalunce shi don an hana shi binta ba. Tarihi ya nuna cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 86 zuwa 96 bayan Hijira, ya sa wa kowane makaho ɗan jagora, kowane gurgu mai hidima, daga baitulmali. Alamar mutum a kan keke da muke gani a allon asibiti kuwa sai a 1968 wata ɗaliba 'yar ƙasar Denmak ta zana ta, Ingila ta fara ba naƙasassu takardar izinin ajiye mota a 1971, Amurka ta yi babbar dokarta a 1990. Wanda ya ce wannan al'adar Turawa ce, fentin ne nasu, amma hukuncin ya girme su.

Yanzu ga wata magana da masu ja ba su cika faɗa ba. Suna magana kamar bakin ƙofa a ƙasar nan na wanda ya riga ne, sai yau aka zo za a ƙwace. Ina! Bakin ƙofa a keɓe yake tun tuni. Je ka ofis, je ka wajen ɗaurin aure, je ka filin Idi, za ka tarar gurin da ya fi kusa da inuwa an gitta masa benci ko tsohuwar taya, ana jiran motar mai gida. Mun taɓa raka wani dattijo, tsohon malamin makaranta wanda ɓarin jikinsa ya shanye, zuwa wani ofis ranar tantance 'yan fansho. Da motar hayar ta nufi gurin da ke daf da ƙofa, maigadi ya taso da ladabinsa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, nan wurin mai gida ne." Dattijon ya ce, "Ba kome, ɗana, aikinka kake yi." Aka koma can bakin titi, ɗansa ya goya shi a baya kamar jariri, ya ratsa rana da idon jama'a da shi, mutumin da ya koya wa rabin masu zama a irin waɗannan ofisoshi karatu. Har muka fito bayan azahar gurin nan ba kowa, mai gidan bai zo aiki ba ran nan. Ba mu ga laifin maigadi ba, umurni aka ba shi. Abin lura shi ne ba wanda ya ce wannan keɓewar son kai ce, ba wanda ya ce al'adar Turawa ce. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, to, wannan ita ce dokar da ke aiki a bakin ƙofofinmu. Irin keɓewar da Musulunci ya rushe ita muka riƙe, irin wadda ya tabbatar ita muke gardama a kanta.

Lafiyayye bai san tsawon taku hamsin ba, domin lafiya uwar jiki ce, mai ita ba ya lissafi. Ƙasarmu sunanta ma ya faɗi halinta, jigawa ce, rairayi ne. Ƙafar keken gurgu in ta shiga rairayi sai ta nutse, da damina kuwa taɓo ya riƙe ta. Mai rarrafe da hannu, a watan bazara ƙasa tana ƙona masa tafi. Makaho in an sauke shi a tsallaken titi, dole ya ratsa tsakanin babura da motoci masu ja da baya. Shi ya sa ake yin gurin kusa da ƙofa, ake kuma yi masa faɗi fiye da sauran, domin sai an buɗe ƙofar mota gaba ɗaya kafin a sauko da keke a ɗora mutum a kai. Kuma waɗannan bayin Allah ba kaɗan ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata naƙasa mai tsanani. An tabbatar a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, amma yaran da ta shanye wa ƙafafu kafin nan suna nan tare da mu, sun zama magidanta, suna zuwa banki da kasuwa da masallaci. Ga waɗanda hatsarin babur ya karya, ga waɗanda hawan jini ya kayar, ga tsufa wanda ke jiran duk wanda Allah Ya ja kwanansa.

Sai dai kada mu kwafo abu ido rufe. A Ingila naƙasasshe da motarsa yake zuwa, mu kuwa nan Jahun mafi yawansu ba su da mota. A kan acaɓa suke zuwa, ko cikin a-daidaita-sahu, ko a keken guragu mai tuƙin hannu, wani ma a amalanke. Dokar 2019 ta ce sai motar da ke ɗauke da alama ce za ta tsaya a gurin, alhali direban haya da ya ɗauko gurgu daga ƙauye ba shi da wata alama. In aka tsaya a kan harafin doka kaɗai, sai gurin ya zama na naƙasasshe mai hali, talaka ya ci gaba da rarrafe daga bakin titi. Saboda haka abin da ya fi dacewa da mu shi ne a haɗa biyu: gurin ajiyewa ga mai mota ko keke, da gurin saukewa wanda kowane abin hawa zai tsaya ya sauke mai rauni ya wuce. Daga nan kuma a daɓe hanya har cikin ɗaki, a yi gangara maimakon matakala, domin ba amfanin a kawo mutum bakin ƙofa a bar shi yana kallon tudun da ba zai iya hawa ba.

Mu dawo kan iyaye. Nan ne ake bukatar awo, domin malaman usulu, irin su Imamu Shaɗibi wanda ya rasu a 790 bayan Hijira, sun kasa maslaha gida uku: larura, da bukata, da ƙawa. Gurgu da makaho da wanda jikinsa ya shanye suna babin larura, kuma larurarsu ba ta wucewa, don haka nasu haƙƙi ne wanda hukuma za ta tilasta. Mace mai tsohon ciki, da mai jego, da wadda ke goye da jariri tana riƙe da hannun wani, suna babin bukata, wani lokaci kuwa bukatar takan kai ga larura. Alƙur'ani ya ambaci raunin uwa mai ɗauke da ciki a cikin suratu Luƙman, Shari'a ta sauƙaƙa wa mai ciki da mai shayarwa azumi, Annabi kuma yakan taƙaita salla in ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa. In an rage tsawon salla saboda mai goyo, yaya za a ji ƙyashin rage mata tsawon tafiya? Mutanen Jahun sun fi kowa sanin wannan, domin tun 2008 ƙungiyar likitocin nan ta MSF take aikin karɓar haihuwa da gyaran yoyon fitsari a babban asibitin garin, mata suna zuwa daga ƙauyuka masu nisa, wata an ɗauko ta tana naƙuda tun jiya. A irin wannan ƙofa, duk wanda ya tare hanya da motarsa yana iya zama sanadin rai biyu.

Amma magidanci lafiyayye da ya kwaso samarin 'ya'yansa zuwa kanti, kasancewarsa uba ba ta ba shi wannan haƙƙi ba. Ko a Ingila, gurin da manyan kantuna ke ware wa masu ƙananan yara kyautatawa ce ta masu kantin, ba dokar ƙasa ba ce. Mu ma haka muke gani: a ƙofar asibitin haihuwa da wurin awon ciki da wurin rigakafin yara, keɓe wa uwa wajibi ne, a ƙofar kanti da banki abin so ne, in kuwa guri ɗaya ne tak, aka haɗu da gurgu da mai goyon da ke iya takawa, gurgu ne gaba. Ƙa'idar malamai ita ce ana auna rangwame da gwargwadon larurar da ta jawo shi. In aka yawaita keɓewa har rabin fili ya zama fenti, jama'a za su raina alamar, wanda aka yi dominsa ya rasa. A Amurka filin da ke ɗaukar mota 25 guri ɗaya ake keɓewa, kuma wannan awo ne mai ma'ana.

Akwai masu cewa, ai za a yi ha'inci, lafiyayye ya sami alama ta hanyar sani ko cin hanci. Gaskiya ne za a yi. Amma ana ha'inci a mudu, ba mu kuwa ce a daina awo ba. Wanda ya ɗauki alamar ƙarya ya haɗa laifi biyu, ƙarya da cin haƙƙin mai rauni. Garuruwanmu suna da sarkin makafi da sarkin guragu, ga ƙungiyoyin naƙasassu, sun san mutanensu ɗaya bayan ɗaya, in aka sa su cikin aikin raba alama ha'inci zai ragu. Sai dai muna gargaɗi, kada kowa ya mai da kansa alƙali a bakin ƙofa. Akwai mai ciwon zuciya, akwai mai ciwon sikila, akwai wanda aka yi wa aiki bai warke ba, za ka gan shi tsaye da ƙafafunsa amma taku ashirin yana gagararsa. Kyautata zato ya fi tozarta mara lafiya a bainar jama'a.

To, ya kai ɗan'uwa ɗan kasuwa, wanda ke cin Gujungu ran Lahadi da Maigatari ran Alhamis, ka san yadda mashigar kasuwa ke cikewa da tebura da motocin kaya. Annabi ya yi wa masu zama a bakin hanya sharaɗin su ba hanya haƙƙinta, kuma kawar da cuta daga hanya yana cikin rassan imani. In ka gina shago ko gidan mai ko masallaci, bar taku bakwai ɗin nan tun a wajen aza harsashi, sadaka ce mai gudana wadda ba ta cin ko buhun siminti goma. Kai kuma ma'aikaci, ranka ya daɗe, kai ne ke sa hannu a kan taswirar gini, kai ne ke ba maigadi umurni. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Umaru Dallaji na Katsina cewa gyaran kasuwanni da hanyoyi yana cikin aikin shugaba. Ba sai an jira kasafin kuɗi ba, benci ɗin nan da aka gitta domin motarka, umurni ɗaya ya isa a ɗauke shi, ka ƙara taku talatin a ƙafa, likita ma zai ce ya fi maka. Limamai da kwamitin masallatai su ma ba mu cire su ba, domin Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne amma yana cikin ladanan Annabi, an kuma sha barin Madina a hannunsa. Masallacin da irinsa ba zai iya kaiwa ƙofarsa ba saboda motocin masu hali, akwai gyara a cikinsa.

Annabi ya sanar da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa saboda raunanan cikinmu ne ake ba mu nasara da arziki. Wanda ya gane haka ba zai ga gurin nan a matsayin asara ba ko da ya yini ba kowa a kai. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya sa mu gama da ƙafafunmu da idanunmu, Ya ba shugabanninmu ikon tsayar da adalci a babban abu da ƙarami. Amin. Haza wasalam.